Jerin fitilun da suka ratsa saman Rigasa bayan magariba

Auwalu Rigasa, Litinin 7:38 na dare
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah akwai wanda ya ga abin da muka gani ɗazu? Mun idar da magariba muna zaune a dakalin ƙofar gida, sai wani yaro ya ƙwala ihu yana nuna sama. Wasu fararen fitilu ne a jere kamar 'ya'yan carbi, ɗaya na bin ɗaya. Na ƙirga goma sha tara. Babu ƙara, babu ƙyaftawa. Daga wajen filin jirgi suka ɓullo, suka ratso ta kanmu. Da ta gaba ta kai wani wuri sai ta mutu, ta bayanta ta zo daidai wurin ita ma ta mutu, haka har suka ƙare. Kafin ka ce kwabo layinmu ya watse. Inna ta tattara jikoki ta kulle ɗaki, har yanzu ta ƙi taɓa tuwonta. Mene ne wannan?

Nura Kawo, Litinin 7:44 na dare
Wa alaikumus salam. Jirage marasa matuƙi ne mana. Kai da bakinka ka ce daga wajen filin jirgi suka taso. Allah dai ya tsare mu.

Maman Ilham, Litinin 7:47 na dare
Mu ma mun gani a Unguwar Dosa. Wallahi gabana ne ya yanke ya faɗi. Tun harin jirgi marar matuƙi da ya kashe mutane a Tudun Biri a Disambar 2023, in na ga haske yana tafiya a sama cikin dare sai jikina ya mutu. Maƙwabciyata kuma cewa take yi alamar tashin duniya ce, har an fara yawo da saƙon murya a kai.

Malam Sani Unguwar Rimi, Litinin 8:21 na dare
Malam Auwalu, ka je ka kwantar wa Inna da hankali, ka ce ta ci abincinta. Abin da kuka gani taurarin ɗan adam ne na kamfanin SpaceX, waɗanda ake kira Starlink, masu ba da intanet. A dunƙule ake harba su, ashirin da wani abu a roka ɗaya, a sake su kusan lokaci guda. Kwanakin farko suna tafiya kusa da juna a ƙasa-ƙasa, shi ne jerin carbin nan. Daga baya kowanne zai hau zuwa wajen kilomita 500, su rarrabu, su dusashe. Tun Mayun 2019 da aka harba sittin na farko ake firgita da su a ƙasashe da dama. Kuma Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka fara sayar da intanet ɗinsu, a Janairun 2023.

Abin da ya tabbatar mini shi ne yadda ka ce suna mutuwa a wuri ɗaya. Ba fitila gare su ba, hasken rana ne yake dukansu. Ka lura da yamma liƙis, rana ta bar tsakar gida amma tana nan a kan hasumiyar masallaci? To haka ne. Mu rana ta faɗi mana, su can sama ba ta faɗi ba tukuna. Da sun shiga inuwar duniya sai su ɓace, kuma tun da hanya ɗaya suke bi, a ƙofa ɗaya suke shiga inuwar.

Nura Kawo, Litinin 8:30 na dare
Malam, ba raini ba, amma wannan ihu ne bayan hari. Kowa na iya ba da bayani bayan abu ya wuce. In da gaske kun san hanyarsu, gaya mana na gaba tun bai zo ba, da lokacinsa, da inda zai fito.

Malam Sani Unguwar Rimi, Litinin 8:52 na dare
Ka yi gaskiya Nura, haka ya kamata a tambaya. Jerin carbin ba zan ɗaukar maka alkawari a kansa ba, domin suna kan hawa, lissafinsu yana saurin canzawa. Amma ga wanda ya fi su girma da haske. Jibi Laraba, in Allah ya kai mu kuma sama ta yi garau, tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ake kira ISS, za ta ratsa ta kan Kaduna.

Ƙarfe 7:15 za ta ɓullo daga kudu maso yamma. Ka fuskanci inda rana ta faɗi, ka miƙe hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi. Faɗin dunƙulen kusan digiri goma ne. Ka auna dunƙule huɗu zuwa hagu, nan za ka sa ido. Za ta fara da rauni, ta riƙa ƙara haske tana hawa har ta yi kamar Zara matar wata. Wajen 7:18 za ta kai tsakar ka, ta ɗan yi ja, ta mutu kamar an rage lagwanin fitila. Ba za ta kai gabas ba. In ba haka aka yi ba, ka dawo nan ka faɗa mini a gaban kowa.

Nura Kawo, Litinin 8:55 na dare
Na riƙe. Zan saita agogona da labaran rediyo.

Ustaz Ɗahiru Tudun Wada, Litinin 9:34 na dare
Kafin a yi nisa, wani ya turo mini ta gefe yana tambaya ko wannan bai shiga duba ba. Bai shiga ba. Abin da aka hana shi ne a ce tauraro kaza ya fito don haka aurenka zai mutu ko kasuwarka za ta buɗe. Shi kuwa wannan ƙarfe ne da mutane suka ƙera, an san gudunsa an san hanyarsa, kamar yadda ake sanin lokacin isowar jirgin ƙasa tashar Rigasa. Jadawalin lokutan salla da ke manne a bangon masallatanmu ma ai lissafin tafiyar rana ne. Ni ma zan fita in gani, amma Malam Sani, ka ga lokacin ya zo daidai da kiran lisha. Masu kallo su yi alwalarsu tun da wuri.

Alhaji Garba Malali, Talata 6:40 na safe
Jikata ce take rubuta mini, ni nake faɗa. Kun tuna mini da ƙuruciya. A Kano na tashi, kuma farkon shekarun 1960 muna kwana a kan soro lokacin zafi. Akwai wani tauraro da kan ratsa bayan magariba, a hankali, ba ya ƙyaftawa. Mukan bi shi da gudu a lungu muna cewa tauraron Nasara. Manya suna cewa Amurkawa sun kafa tasha a bayan gari suna magana da mutumin da ke cikin kumbo. Mun ɗauka tatsuniya ce. Yanzu shekaruna sun haura saba'in, idona ya yi rauni, amma gobe za a fitar mini da kujera tsakar gida.

Malam Sani Unguwar Rimi, Talata 7:25 na safe
Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba tatsuniya ba ce. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano a shirinta na Mercury, kuma ranar 20 ga Fabrairun 1962 da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, Kano na cikin tashoshin da suka bi shi. Tauraron da kuke bi da gudu kuwa, na fi zaton Echo ne. Wata ƙatuwar balan-balan ce mai sheƙi, faɗinta mita 30, Amurka ta harba ta a Agustan 1960, kuma ta yi kusan shekara takwas tana yawo ana ganinta da ido ƙuru-ƙuru.

Akwai ma wani abin da ba a cika faɗa wa yara a makaranta ba. A Agustan 1963 shugaba Kennedy ya yi magana ta waya da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Legas. Mun daɗe a cikin labarin nan, Baba, mu ne muka daina ɗaga kai.

Nura Kawo, Talata 1:12 na rana
To, na ji tarihi. Amma a gaya mini gaskiya, me kallon nan zai ƙara wa talaka? Mutum na fama da kuɗin mudun masara da kuɗin keke napep, wuta ba ta tsayawa, a ce ya fito yana ƙirga ƙarafan Turawa. Namu taurarin da aka kashe wa kuɗi fa, ina suke? Ko su ma za ku nuna mana?

Bitrus Barnawa, Talata 2:03 na rana
Yaya Nura, bari in sa baki a nan, don sana'ata ce. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaura wa mutane dish. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa in na saita faranti na ɗaure kusoshi, shekara da shekaru ba ya buƙatar juyawa? Taurarin talabijin suna can kilomita 35,786 a saman layin tsakiyar duniya, wanda ya raba ta arewa da kudu. A wannan nisan, zagayensu ɗaya daidai yake da juyawar duniya ɗaya, sai ya zama kamar an kafe su da ƙusa. Namu NigComSat-1R yana cikinsu, a digiri 42.5 gabas, daga China aka harba shi a Disambar 2011. Shi ya maye gurbin na farko da aka harba a 2007, wanda farantan solarsa suka lalace a 2008. Ba za ka gan shi da ido ba, nisan ya yi yawa. Masu ɗaukar hoton ƙasa kuma, NigeriaSat-1 na 2003 da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X na 2011, ƙanana ne, ba sa haske irin na tashar da Malam ya faɗa.

Ni abin da ke damuna, kullum ina nuna faranti ga abin da ban taɓa gani ba. Mita ce kawai take yi mini ƙara in na dace. Shi ya sa gobe nake son in ga ko guda ɗaya da idona.

Maman Ilham, Talata 2:41 na rana
Nura, ni zan ba ka amsar me zai ƙara. Daren jiya Ilham ba ta yi barci ba sai wajen ƙarfe ɗaya, tana maƙale da ni tana tambaya ko za su dawo. Shekararta bakwai. Ban da abin da zan ce mata sai addu'a, don ni ma ban sani ba. Da safe na karanta mata bayanin Malam, na kunna tocila na haska cokali a ɗaki mai duhu, na sa hannu na tare hasken, cokalin ya ɓace. Ta yi ta maimaitawa da kanta har ta kusa makara. Barcin yarinyata da kwanciyar hankalina ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Masarar ma ai sai da kwanciyar hankali ake cinta.

Nura Kawo, Talata 2:50 na rana
Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, ban yi nufin raina tsoron kowa ba. Ni ma tsoron ne ya sa nake ja. Abin da nake gudu shi ne a saba wa mutane cewa duk hasken da suka gani tauraro ne, ranar da ba shi ba ne kuma su zauna.

Malam Sani Unguwar Rimi, Talata 4:30 na yamma
Wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi a zauren nan, kuma ba zan shafa mata mai ba. Kallon nan ba zai gaya maka cewa sama lafiya lau take ba. Abin da zai ba ka shi ne ka iya ware wanda ka sani daga wanda ba ka sani ba.

Tauraron ɗan adam miƙe yake tafiya, ba ya kwana, ba ya tsayawa, ba ya komowa, ba ya ƙara ko kaɗan. Haskensa fari ne tsayayye. Jirgin sama yana da ja da kore da wata fara mai walƙiya, kuma mu a Kaduna mun saba da su, ga filin jirgi ga sansanin sojan sama. Wanda ya tsaga sama cikin sakan ɗaya ya mutu, wannan dutse ne ya ƙone a iska. Akwai kuma wanda za ka ga yana haske yana dushewa a kai a kai, yawanci gangar tsohuwar roka ce take wulwulawa.

Babban ma'auni kuma lokaci ne. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, digiri goma da rabi kacal a arewa, duhu yana saurin rufe mu, inuwar duniya tana saurin hawa. Don haka kasuwar kallonmu gajeriya ce, daga magariba zuwa ɗan bayan lisha, sai kuma daga kiran assalatu zuwa wayewar gari. In ka ga haske mai ƙarfi yana tafiya ƙarfe ɗayan dare, ko yana kewaya wuri ɗaya, ko kana jin gunjinsa, wannan ba namu ba ne, kar ka ce Malam Sani ya ce tauraro ne.

Zainab Badarawa, Talata 8:15 na dare
Malam, ni ɗaliba ce, ina aji biyu a sashen lissafi. A ina kake samun lokutan nan?

Malam Sani Unguwar Rimi, Talata 8:40 na dare
'Yata, babu wani sirri. Akwai shafin Heavens-Above, akwai manhajar Stellarium, NASA ma tana da Spot the Station. Duk suna aiki ne da wasu layuka biyu na lambobi da ake fitarwa ga kowane tauraro, masu bayyana karkatar hanyarsa da yawan zagayensa a rana. Tashar ISS tana sama da kilomita 400 kaɗan, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, zagaye ɗaya minti casa'in da 'yan kai, kusan sau goma sha shida a rana. Ki lissafa da kanki ki ga sakan nawa za ta yi daga Kaduna zuwa Kano.

Jan hankali ga kowa: tsakar gida ko kan bene ya isa. Da can nakan fita bayan Rigachikun neman duhu, yanzu ban yarda kowa ya yi haka ba. Kar a tsaya kusa da bariki da madubin hangen nesa, kuma kar yaro ya haska tocilar leza sama. In za ku taru a layi, ku sanar da mai unguwa da 'yan sintiri. Ku ajiye waya kamar minti goma sha biyar kafin lokaci don ido ya saba da duhu. Kuma mun dace da lokaci, damina ta ɗauke, hazon hunturu bai sauko ba. Wannan 'yan makonnin na farkon Nuwamba su ne sama ta fi wankuwa a shekara.

Zainab Badarawa, Talata 8:58 na dare
Kusan sakan talatin ya ba ni, Malam. Na sake lissafin sau biyu don ban yarda ba.

Auwalu Rigasa, Laraba 7:21 na dare
Allahu akbar! Ta zo! Ta wuce ta kan gidanmu!

Maman Ilham, Laraba 7:23 na dare
Mun gani! An ɗauke wuta tun la'asar, unguwar duhu ƙirin, sai abin ya fito tar. Ilham ce ta fara hangowa ta saman bishiyar mangwaron maƙwabta. Da ta kai tsakiya ta yi ja-ja ta ɓace, sai yarinyar ta ce, Mama an tare cokalin.

Alhaji Garba Malali, Laraba 7:40 na dare
Na gani da idona, ba tare da tabarau ba. Ta fi ta zamaninmu sauri. Jikata ta ce akwai mutane a ciki. Na ɗaga musu sandata.

Nura Kawo, Laraba 7:52 na dare
Na fita da agogo a hannu, a kan benen shagon yayana. 7:15 ban ga komai ba, har na fara rubuta saƙo. 7:16 saura kaɗan sai ga ta ta fito daga bayan tankin ruwa, daidai inda na auna dunƙule huɗu. 7:18 da 'yan sakanni ta mutu a tsakar kaina. Malam, ka cika alkawari, na shaida a gaban kowa. Maganata ta jiya dai tana nan, wannan na san shi yanzu, sauran ban sani ba.

Malam Sani Unguwar Rimi, Laraba 8:10 na dare
Ka bar ta a nan Nura, maganar daidai ce. Jinkirin da ka gani kuma tankin ne ya tare maka ƙasan sama. Ka san lokacin da ta fara bayyana tana can bisa teku, bayan Legas da nisa, fiye da kilomita dubu daga inda kake tsaye?

Bitrus Barnawa, Laraba 8:26 na dare
Ni ban gani ba, kuma abin ya yi mini ciwo. Na so in gwada da kaina maimakon in dogara da saƙon Malam, sai na buɗe shafin a wayata. Ya ba ni shida da 'yan mintoci. Na ce ko Malam ne ya yi kuskuren rubutu. Na hau kan rufi da yarana biyu tun rana ba ta gama faɗuwa ba, muka yi rabin awa sauro na cizonmu, ba mu ga komai ba, muka sauko. Muna cin abinci a ɗaki ta wuce. Ƙaramin har ya yi kuka.

Zainab Badarawa, Laraba 8:35 na dare
Yaya Bitrus, ka duba saman shafin, ka sa masa garinka? In ba ka sa ba, yana ɗaukar kana digiri sifiri da sifiri, wani wuri a cikin teku kudu da Ghana, kuma agogon GMT zai ba ka. Mu muna gaba da awa ɗaya. Ka rubuta Kaduna, ko ka sa 10.5 arewa da 7.4 gabas.

Bitrus Barnawa, Laraba 8:44 na dare
Shi ne kuwa, ƙanwata. Na gyara. Yanzu yana nuna mini gobe 6:29 zuwa 6:35. Malam, haka ne?

Malam Sani Unguwar Rimi, Laraba 9:05 na dare
Haka ne, kuma ta gobe ta fi daɗi ga yara. Ba za ta hau tsakar ka ba, za ta tsaya wajen dunƙule huɗu a kudu maso gabas, amma tun da rana ba ta yi nisa da faɗuwa ba, za a gan ta daga farko har ƙarshe, kusan minti shida. Wanda zai yi amfani da alƙibla ya gane gabas ya tuna alƙiblar Kaduna ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da fiye da dunƙule biyu. Bayan gobe kuma za ta yi kwanaki ba ta zo mana da yamma yadda ya kamata ba.

Zainab, ga aiki. Masu wannan sha'awar na gaske ba kallo kawai suke yi ba, awo suke yi. Su jira tauraron ya gifta kusa da wani tauraron Allah da aka san matsayinsa, su danna agogo, su rubuta lokaci har da kason sakan. Tun 1956 cibiyar Smithsonian ta Amurka ta tara 'yan sa-kai a shirin Moonwatch, kuma da Rasha ta harba Sputnik, tauraron ɗan adam na farko, ranar 4 ga Oktoban 1957, su ne suka fara taimakawa da awo. Har yau akwai irinsu, da madubin hangen nesa da kyamara a bayan gida, suna gano hanyar taurarin leƙen asiri da gwamnatoci ba sa bayyanawa. A Agustan 2019 da shugaba Trump ya wallafa hoton wani filin harba roka na Iran, cikin ɗan lokaci irin waɗannan mutanen suka nuna cewa tauraron USA 224 ne ya ɗauka, don sun san inda yake a daidai wannan lokacin. Mafi yawansu suna Turai da Arewacin Amurka. Mu kuma muna da abin da ba su da shi. Madubin hangen nesa na Hubble da aka harba a 1990, hanyarsa digiri 28.5 kawai ta karkata daga layin tsakiyar duniya, mutumin Ingila ba ya ganinsa, mu kuwa yana iya bi ta tsakar kanmu. Ga tashar China, Tiangong, ita ma tana wucewa da haske mai kyau.

Gobe ki buɗe Stellarium ki ga wane tauraro ne a kan hanyarta, ki gwada.

Bitrus Barnawa, Alhamis 6:41 na yamma
Mun gode Allah, mun gani, ni da yaran da mamansu! Na jingina waya a jikin turmi na tokare ta da dutse, na sa ta a yanayin ɗaukar hoton dare. Ta fito kamar an ja farin zare a kan baƙin ƙyalle. Babban ya ce in an gama makaranta shi zai riƙa duba mini lokutan.

Zainab Badarawa, Alhamis 7:02 na dare
Malam, na gwada. Akwai tauraro mai haske a kudu, ya ɗan karkata gabas, manhajar ta ce sunansa Fomalhaut. Tashar ta bi ta ƙarƙashinsa. Na danna a 6:31 da sakan 48, manhajar kuma ta ce da sakan 45. Ban san ko ni ce na yi jinkiri ko agogon wayar ba.

Malam Sani Unguwar Rimi, Alhamis 7:50 na dare
Madalla da 'yata. Sakan uku a gwajin farko ba laifi, amma ki tuna a sakan ukun nan ta yi tafiyar fiye da kilomita ashirin. Ki fara saita agogon wayar da na intanet. Sannan tauraro ɗaya ba ya isa, da wuya ido ya yanke daidai lokacin da ta zo saitinsa. Ki nemi biyu, ki ja layi tsakaninsu a zuci, ki danna lokacin da ta tsallaka layin. Ki sami littafi na musamman ki riƙa rubuta rana, lokaci, taurarin da kika yi awo da su, da yanayin sama. Ranar Asabar zan aiko ƙanenki ya kawo miki madubina na hangen nesa, ki riƙe shi wata ɗaya.

Ustaz Ɗahiru Tudun Wada, Alhamis 8:12 na dare
Sunan nan da Zainab ta kawo ai Larabci ne, famul hut, bakin kifi. Malam Sani, ina roƙon ka zo ka koya wa matasan masallacinmu awon dunƙulen nan kafin Sha'aban. Duk shekara suna fita duban jinjirin wata, rabinsu ba su san inda za su sa ido ba.

Auwalu Rigasa, Alhamis 8:30 na dare
Jiya Inna ta ƙi fitowa, ta taga ta leƙa. Yau da kanta ta ɗauko tabarma bayan ta sallame magariba, ta zauna tsakar gida da carbinta. Ta bi ta da ido har ta faɗa bayan katanga. Da na ce mata yawanci mutum bakwai ne a ciki, kuma tun Nuwambar 2000 ba a taɓa barinta babu kowa ba, sai ta yi shiru. Can ta ce in tambayi Ustaz, in akwai Musulmi a cikinsu, rana na fito masa sau goma sha shida, yaya yake yi da salla?

Ustaz Ɗahiru Tudun Wada, Alhamis 8:47 na dare
Ka gaishe da Inna, ka ce tambayarta malamai sun zauna a kanta. A 2007 wani likita ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya je tashar, tafiyar ta faɗo cikin azumi. Malaman ƙasarsu suka tsara masa cewa salla biyar ce a awa ashirin da huɗu, ya bi lokacin wurin da aka harba shi. Alƙibla kuma ya fuskanci Ka'aba in ya iya, in bai iya ba ya fuskanci duniya, in hakan ma ya gagara ya yi ta inda ya samu.

Auwalu Rigasa, Alhamis 9:03 na dare
Na karanta mata. Ta ce Allah ya sauko da su lafiya wurin iyayensu. Ta kuma ce Malam Sani ya turo lokacin ta asuba in ta zo, ita dama ƙarfe huɗu take tashi.